Tsufan Aro: Sharhi a Kan Zaɓen Haruffan Buroshi Masu Zaizaya a Rubutun Kanu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa wurin masu sayar da littattafai a Kano ko Zariya ko Maraɗi, ko ya tsaya ya dubi fastocin finafinai da allunan talla da ke bakin titi, ba zai rasa cin karo da wani irin rubutu ba. Haruffa ne masu kauri, a karkace, a haɗe da juna kamar rubutun hannu, waɗanda in mutum ya dube su sai ya zaci wani ne ya tsoma buroshi cikin fenti ya ja su da gaggawa, fentin kuma ya ƙare masa kafin ya kai ƙarshen harafi. Gefensu a yage yake, cikinsu da zirin fari, wani lokaci har da ɗige-ɗigen fenti a warwatse kewaye da su. Alhali kuwa babu buroshin da ya taɓa su. A kwamfuta aka ƙera su, da tsufansu suka zo duniya.

A wannan maƙala za mu kira kowane samfurin haruffan ɗab'i da sunan "zubin haruffa", domin a da can da dalma ake zuba su. Irin wanda muka siffanta a sama kuwa za mu kira shi zubin buroshi mai zaizaya. Abin da muke nufi da rubutun kanu shi ne manyan kalmomin da ake son a hango daga nesa, watau sunan littafi a bango, da sunan fim a fasta, da sunan kanti a allo. Manufarmu ita ce mu nuna cewa zaɓen irin wannan zubi, wanda ga mai rubutu da Turanci sha'anin ado ne kawai, ga mai rubutu da Hausa ya shafi lafiyar harshen kansa, domin zaizayar takan ci daidai wurin da ma'anar kalma take rataye.

2.0 Asalin Salon

Sha'awar ganin sawun buroshi a cikin harafi daɗaɗɗiya ce, kuma a ƙasar Sin ta yi ƙarfi tun farko. Masu rubutun hannu na can suna da wani salo da sunansa ke nufin "fari mai tashi", inda ake jan buroshin da ya fara bushewa har gashinsa ya rarrabu, farin takarda ya riƙa leƙowa ta cikin baƙin tawada. Al'adarsu ta jingina shi ga Cai Yong, wani malami da ya rasu a shekara ta 192, wanda aka ce ya ga ma'aikata suna shafe bango da tsintsiya, sai sawun tsintsiyar ya ba shi sha'awa. A wurinsu wannan ziri shaida ce ta ƙwarewa, don yana nuna saurin hannu da nauyinsa a lokacin da aka yi rubutun.

A Turai da Amurka kuwa, masu rubuta allunan kantuna ne suka fara sabar wa idon jama'a da harafin buroshi, daga baya masu zuba haruffan dalma suka kwaikwaye su don masu talla. A 1938 Carlos Winkow ya fitar da Reporter a Jamus, mai zirin fari a cikin jikin haruffa. A 1942 kamfanin American Type Founders ya fitar da Brush Script na Robert E. Smith, wanda ya bazu ƙwarai bayan da ya shiga kwamfutoci. A Faransa, Roger Excoffon ya yi Mistral a 1953 bisa rubutun hannunsa, ya kuma bi shi da Choc a 1955, mai kauri kamar an dangwala shi. Ya kamata a lura cewa Excoffon ya sha wahala wajen sa haruffan dalma, waɗanda kowanne a sandare yake a kan gindinsa, su haɗu da juna kamar hannu ne ya ja su.

Zaizaya da gangan ta sami kasuwa sosai ne a shekarun 1990, bayan da kwamfuta ta sauƙaƙa ƙirar haruffa. A 1991 Erik van Blokland ya fitar da Trixie, wanda ke kwaikwayon tafireta da ta tsufa, mujallar Ray Gun da aka fara a Amurka a 1992 kuma ta mai da rubutu mai dauɗa da karce abin yayi. Daga nan aka gwama salon biyu, buroshi da zaizaya, aka sami ɗimbin zubi da ake saye ko a sauke kyauta daga intanet. Ta wannan ƙofa suka iso hannun masu tsara banguna da fastoci a ƙasar Hausa.

3.0 Abin da Zaizaya Ke Faɗa wa Ido

Kowane zubi yana da abin da yake faɗa tun kafin a karanta kalmar da aka rubuta da shi. Zubin buroshi mai zaizaya yana da'awar abu biyu: cewa hannun mutum ne ya yi shi, kuma an yi shi cikin zafin rai, ko kuwa ya daɗe yana shan wuya. Saboda haka ya dace da labarin faɗa, da tashin hankali, da wasannin ƙarfi, da waƙar matasa. Amma idan aka rubuta sunan littafin fiƙihu da shi, ko katin ɗaurin aure, ko allon ɗakin shan magani, to siffar rubutun ta ƙaryata abin da kalmomin ke cewa. Mai neman magani natsuwa yake son gani a allo, ba alamar cewa an yi aiki cikin gaggawa ba.

Haka kuma ya kyautu mu tambayi matsayin wannan ziri a al'adarmu ta rubutu. Alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani da ka, da masu zayyanar allon sauka, sun gaji rubutu mai kauri, mai cikar tawada, wanda ake ja da alƙalamin kara. A wurinsu, idan tawada ta tsinke a tsakiyar harafi aibi ne, sai a sake tsoma alƙalami a cike gurbin. Masu rubutun bayan manyan motoci, waɗanda su da buroshi na gaske suke aiki, su ma burinsu harafi ya fito sumul, a yi masa inuwa da launi biyu ko uku. Ke nan abin da Basine ke gani gwaninta, idon da ya tashi a makarantar allo yana iya ganinsa kasawa. Wannan bai haramta aro ba, domin boko ɗin kansa aro ne, kuma ya zauna. Sai dai wajibi ne mai aro ya san abin da ya ara, da yadda masu kallo za su fassara shi.

Akwai kuma wani abin lura. Zubin haruffa yakan ɗauki lakabin da maƙerinsa bai nufa ba. Choc na Excoffon, wanda Bafaranshe ya yi don tallan Faransa, ya ƙare a allunan gidajen abincin Asiya a birnin New York, don kawai yana kama da aikin buroshi. Haka Neuland, wanda Rudolf Koch ya sassaƙa a Jamus a 1923, ya daɗe yana fitowa a bangon littattafan da suka shafi Afirka da baƙar fata, domin masu ɗab'i a can sun ga kaushinsa ya dace da yadda suke kallonmu. Idan mu ma muka ɗauka cewa duk abin da ya shafi gargajiyar Hausa sai an rubuta sunansa da harafi mai kaushi da yagewa, to mun karɓi wannan kallo ke nan ba tare da mun sani ba.

4.0 Matsalar Ƙugiya

Nan ne gundarin maganarmu. Rubutun boko ya daɗe yana neman yadda zai bambanta sautukan nan na Hausa da babu su a Turanci. An gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi, an gwada waƙafi a gefensa, kafin ƙugiya ta zauna a shekarun 1930, lokacin da Dokta R. M. East ke jagorantar aikin fassara da talifi a Zariya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a 1939, ta taimaka wajen sabar wa jama'a da ita. Taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya sake duba ƙa'idojin, har yanzu kuma Nijar na amfani da ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Wahalar samun waɗannan haruffa a injin ma tsohuwa ce, ita ta sa a tsakiyar shekarun 1980 aka nemi taimakon Hermann Zapf, shahararren maƙerin haruffa na Jamus, wajen tsara zubin da zai wadaci harsunan Nijeriya.

Matsalar da zubin buroshi mai zaizaya ke kawowa hawa uku ce. Hawa na farko shi ne rashin haruffan baki ɗaya. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa, amma bai tara namu wuri guda ba. Ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin ilmin furuci, ƙ da ƴ da dukkan manyansu kuwa suna cikin wani rukuni dabam na ƙarin haruffan Latin. Mai ƙera zubin talla yakan tsaya ne a kan abin da harsunan Turai ke bukata, ba ya isa waɗannan rukunai. Zubi irin su Charis da Andika da Noto suna da ƙugiyoyinmu cif, sai dai su na karatun shafi ne, ba su mai tsara fasta ke nema ba. Idan ya rasa harafin, ɗayan abu uku yake yi: ya yar da ƙugiyar, ko kwamfuta ta cusa masa harafi daga wani zubi ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki, ko ya zana ƙugiya da kansa ya liƙa, ta fito sumul a kan harafin da ko'ina nasa a yage yake. Na farkon ya fi yawa, shi ya fi ɓarna. Da shi ne ƙura take zama kura, ƙafa ta zama kafa, gaɓa ta zama gaba, baƙi ya zama baki.

Za a iya cewa mai karatu yakan gane daga mahallin magana. Wannan gaskiya ne a cikin shafi, inda jumla ke tallafar jumla. Amma rubutun kanu kalma ɗaya ce ko biyu, ba ta da maƙwabta. Idan aka sa wa fim suna da kalmar da ke nufin abin da iska ke tayarwa, aka rubuta ta ba ƙugiya, mai wucewa dabbar dawa zai karanta, babu kuma abin da zai gyara masa.

Hawa na biyu shi ne zaizayar kanta. Buroshi yakan bushe a ƙarshen ja, don haka masu ƙera wannan zubi a bakin harafi suke zuba yawancin yagewar, watau a saman sandar b da d da k. Can kuwa ƙugiya take zaune. Ko da an yi sa'a zubin yana da ƙ, ƙugiyar na iya narkewa cikin zirin fari ta koma kamar karce. Ɓarnar tana kuma iya zuwa ta ɗaya ɓangaren, inda yagewar saman d za ta karkata gefe ta yi kama da ƙugiyar da babu ita. Alal misali, fim ɗin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, wanda ake lissafa shi farkon finafinan bidiyo na kasuwa, sunansa Turmin Danya, watau turmin da aka sassaƙa da icen danya. Ɗigon fenti guda a saman harafin zai mai da shi turmin ɗanya, maganar da ba ta da kai. Haka nan alamar hamza a kalmomi kamar jama'a da sa'a da 'ya'ya, ƙanƙanuwa ce, a zubin da ke watsa ɗige-ɗige babu mai iya raba ta da dattin ado.

Hawa na uku ya shafi manyan baƙaƙe. Ƙugiyar Ɓ da Ɗ a saman hagu take. Zubin da ke kwaikwayon rubutun hannu kuwa sau da yawa yakan fara B da D da wata lanƙwasa ta ado a daidai wannan wuri. Sakamakon haka Dauda ya kan fito kamar da Ɗ aka rubuta shi, Ɗanladi kuma babu abin da ya bambanta shi. Ga Bature wannan lanƙwasa kwalliya ce da ba ta ƙara komai ba ta rage komai. A Hausa kuwa harafi ce.

5.0 Tabo Ɗaya a Fuskoki da Yawa

Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Hannun mutum ba ya rubuta harafi ɗaya sau biyu iri ɗaya, buroshi kuma ba ya bushewa sau biyu a wuri ɗaya. Zubin kwamfuta mai araha kuwa siffa guda yake da ita ga kowane harafi, don haka duk inda a ta fito, da tabonta guda za ta fito. A nan ma tsarin Hausa ya fi tona asirin wannan zubi. Wasalin a ya cika kalmominmu, ga ninki, ga maimaita gaɓa. A dubi kalmomi kamar magana, da littattafai, da kakkarya, da sannu-sannu. Wanda ya rubuta littattafai da irin wannan zubi zai jera t huɗu masu karce iri ɗaya, biyu-biyu kafaɗa da kafaɗa, ido kuwa nan da nan yake gane cewa hatimi ne aka yi ta bugawa. Da zarar an gane haka, da'awar aikin hannu ta rushe, ba abin da ya saura sai wuyar karatu.

Akwai maganin wannan. Fasahar OpenType, da kamfanonin Microsoft da Adobe suka sanar a 1996, ta ba da damar a ajiye siffa biyu ko uku ko fiye ga harafi guda, inji ya riƙa musanya su gwargwadon abin da ke gaba da baya. Zubin da aka yi da kula yana da wannan. Amma ko a cikinsu, wanda ya tanadi ɗ guda ɗaya ma ya yi ƙoƙari, balle a sa ran samun uku don kalma kamar ɗaɗɗaya.

6.0 Takarda, Rana da Ƙura

Abu na gaba shi ne inda rubutun zai zauna. A fuskar kwamfutar mai tsarawa, zirin fari yakan fito siriri gwanin sha'awa. A takarda mai arha, wadda ke shan tawada, tawadar kan bazu ta cike zirin, harafi ya koma dunƙule. Injin da ke yanka sitika don allo ko gilashin kanti bin gefen harafi yake yi, gefen da ke da ɗaruruwan tsaga kuwa ba ya ɓaruwa lafiya. A wayar hannu, inda fastar fim kan koma kamar girman kan sarki, zaizayar ba ta ganuwa a matsayin ado, sai dai ta rage wa harafi kauri.

Daɗin daɗawa, a ƙasarmu ba a sayen tsufa, kyauta yake zuwa. Allon da aka kafa a bakin titi zai sha ranar bazara, ya sha ruwan damina, ya sha ƙurar hunturu. Harafi mai cikakken jiki yana da abin da zai bayar a ci, ya saura ana karanta shi. Wanda aka kafa shi a zaizaye kuwa, damina ɗaya ta ishe shi. Yayin nan ya taso ne daga wuraren da ɗab'i ya yi tsabta har ido ya gaji da ita, aka shiga marmarin datti. Maɗaba'unmu da yawa har yanzu tsabtar suke nema.

7.0 Ma'aunin Zaɓe

Ba muna cewa a yi watsi da wannan salo ba ne. A fastar dambe ko kokawa, ko bangon labarin yaƙi, kalma ɗaya gajeriya da aka ja da ƙarfi tana iya yin abin da harafi mai natsuwa ba zai yi ba. Abin da muke nema shi ne a auna kafin a zaɓa, kuma ma'aunin ba mai wuya ba ne.

Da farko, kafin a dubi kyau, a buga ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu da alamar hamza, a ga ko suna nan. Na biyu, a jera tagwayen kalmomi kamar bari da ɓari, da sako da saƙo, da Dan da Ɗan, a buga su a kan irin takardar da za a yi aikin da ita, a ba wanda bai san abin da aka rubuta ba ya karanta daga nisan da mai wucewa zai tsaya. Idan ya yi jinkiri, zubin ya faɗi. Na uku, a rubuta kalma mai ninki a duba ko tabon yana maimaituwa. Na huɗu, kada a rubuta kalma duka da manyan baƙaƙe, domin manyan irin wannan zubi an yi su ne don buɗe kalma, ba sa jeruwa. Na biyar, a tsai da shi a kan suna kaɗai, sunan marubuci da sauran bayani a ba su zubi mai sauƙi. Na ƙarshe, a tambaya ko kaushin ya dace da abin da ke ciki.

Idan zubin ya kasa, akwai hanyar da ta fi duka, ita ce a koma ga hannu. Masu rubutun alluna da na motoci suna nan a garuruwanmu da buroshinsu. A ba ɗayansu sunan littafin, a nuna masa inda ƙugiya take, ya ja shi a takarda sau biyar ko goma, a zaɓi wanda ya fi, a ɗauki hotonsa a shigar a kwamfuta. Ƙugiyar za ta fito daga jan da ya haifi harafin, kowace a za ta zo da fuskarta, kuɗin aikin kuma ya shiga hannun mai sana'a na gida.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa zubin buroshi mai zaizaya yana da tarihi mai tsawo da gurbin da ya dace da shi, amma an ƙera mafi yawansa ne ba tare da an san da Hausa ba. Yara da yawa suna ganin rubutacciyar Hausa a fasta da allo fiye da yadda suke ganinta a littafin makaranta, abin da ido ya saba da shi kuwa shi hannu yake rubutawa. Malamin da ya yini yana koyar da bambancin k da ƙ, allon da ke ƙofar makaranta yana iya warware masa aikinsa. Saboda haka muna ganin lokaci ya yi da sassan Hausa da na zane a jami'o'inmu za su haɗa kai wajen ƙera zubin kanu da aka gina a kan bukatun harshen, kamar yadda ƙungiyar SIL ta yi wa ajami zubin Alkalami bisa salon rubutun Kano. Kafin a kai ga haka, abin da ya rage ga mai tsara bango shi ne ya tuna cewa kayan aro ba ya rufe katara, ya duba ƙugiya tukuna kafin ya duba ado.